Ruwan Wankin Jar Mota

Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidan su Thaddeus a Durumi, kuma taka keke ba ya hana ido aiki. Saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, ba a bakin 'yan tsegumi na tsinta ba. A shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta sauke mana a Abuja ne, lokacin da kowace safiya sai ka ga baƙuwar fuska da taye a wuya tana tambayar hanyar sakatariya.

Rosemary, yayar Thaddeus, ita ta fara shigo mini da zancen. Ta kawo rigar zuwa coci in buɗa mata hannun dama, wai ya fara matse ta. Da na ɗora awo sai na ga ba ƙiba ba ce. Kafaɗar ce ta yi tudu ta taurare, ta kuma sauka ƙasa da 'yar'uwarta. Matan Gbagyi ba a ka suke ɗaukar kaya ba, a kafaɗa ne, ita kuwa tun tana yarinya take dakon doya da itace daga gona zuwa kasuwar Gudu. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, ta dawo da zama gidan ƙanin nan nata, wanda doyarta ta kai makaranta har ya zama ma'aikacin gwamnati.

"Maman Nathan, kafaɗan nan ya kusa hutawa," ta ce tana dariya. "An biya mu diyyan gonan Baba da titi ya ci. Mun zauna da Kawu Zacharias, magana ya ƙare. A-kori-kura za a saya. Doya a baya, ni a gaba kamar matar gwamna."

Ranar Asabar aka tafi ganin mota, ta matsa sai na raka su. Wani fili ne a gefen Garki da aka kewaye da waya, an jera motocin da aka shigo da su daga waje. Kawu Zacharias, ƙanin mahaifinsu, har kwat ɗin Kirsimeti ya saka.

A-kori-kurar tana can ƙarshen layi, fara, ta ɗan sha jiki, amma da dillalin ya murza makulli ta amsa lafiya lau. Rosemary ko leƙa gidan gaba ba ta yi ba. Baya ta haye, da zaninta da komai, ta taka daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta bubbuga ƙarfen da tafin hannu.

"Wannan zai kwashe rumbu guda a sawu ɗaya," ta ce. "Har da na maƙwabta."

Ta juyo ta ji ta bakin ƙaninta, sai ba ya wurin. Yana can bakin ƙofa cikin wata jar mota mai ƙofa biyu, wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa. Ya kishingiɗa a kujera ya riƙe sitiyari, dillalin ya tsuguna a gefe yana ta zuba.

"Oga, ko a Legas masu irin wannan ba su da yawa. Ka taka ta a sabon titin filin jirgi, kafin ka gama gyara zama ka isa. Waccan farar ta masu dakon bulo ce. Mutum kamarka, da taye da komai?"

"Ina za a sa doya?" Rosemary ta tambaya.

Dillalin ya zagaya baya ya buɗe but, wurin zuba kaya. Wallahi kwandon da nake zuba ƙyalle ya fi shi zurfi, ga shi an shimfiɗa masa kafet mai laushi. Kawu Zacharias ya sa hannu ya shafa kafet ɗin, ya daɗe yana shafawa.

"Kallo kawai nake yi, Yaya," in ji Thaddeus. "Mu je gida mu sake shawara."

An kuwa sake shawarar, sai dai da dillali aka yi ta. Ba a rufa mako ba, da la'asar, muka ji wani gurnani daga bakin titi, kaji suka watse. Jar motar ce. Ta gangaro unguwa da ƙyar tana kauce wa duwatsu, har ta iso inda ruwan sama ya zaizaye hanya ya bar rami, ta ja ta tsaya. Wurin da tsohuwar bas ɗin unguwarmu take wucewa ba tare da direba ya rage waƙa ba, nan ta gagara. Thaddeus ya fito ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce sai an cike ramin.

Rosemary ta fito da ludayi a hannu. Ta kalli motar, sannan ta kalli bayanta, ta daɗe tana duban hanya.

"Thaddeus, ina farin?"

"Yaya, zo in yi miki bayani."

A bencin ƙofar shagona aka yi bayanin, shi ya sa ban rasa ko kalma ba.

"Kin san waɗanda suka cika ofishinmu yanzu? Mutanen Legas. Ƙasarmu ce, amma kallon ƙauyawa suke mana. Ran nan wani ya tambaye ni ko a bukka nake kwana. In na shiga sakatariya da a-kori-kura, maigadi zai nuna mini ƙofar baya ya ce ta masu kawo kaya ke nan. Wannan kuwa, darakta da kansa zai leƙo ta taga. Daga nan sai sanayya, daga sanayya sai kwangila. Jar nan ita za ta haifi farar, ba ma guda ba. Ki ba ni zuwa ƙarshen shekara."

"Ni ma gonan ubana ne," ta ce a hankali.

"Shi ya sa motar ma taki ce. Ta gida ce, ta kowa da kowa."

Motar kowa da kowa ke nan, mai kujera biyu. Kawu Zacharias, wanda ashe shi aka ɗauko a kujera ta biyun tun daga Garki, ya gyara murya.

"Rosemary, yaron nan ya ɗaga sunan gidanmu. Lissafin ofis daban, lissafin gona daban. Ki yi haƙuri ki sa albarka."

Ta sa albarkar. Ta ajiye ludayi, ta ɗauko daro, ta kira matan unguwa, suka yi ta jido duwatsu a kafaɗa daga inda ake fasa dutse, har ramin ya cika motar ta lallaɓa ta shiga gida. Wannan shi ne kayan farko da zuwan mota ya sauke wa Rosemary. Ran Lahadi aka yi wa motar addu'a, aka shafa mata mai a goshi, aka ci shinkafa.

Abin da dillali bai faɗa ba shi ne jar mota ba ta ɗaukar datti. Jar ƙasar Durumi kuwa ba ta san wani darakta ba. Kowace safiya sai an wanke ta tas kafin ta fita, har tayoyi, kuma a lokacin babu famfo a unguwarmu. Akwai 'yan ga-ruwa, amma Thaddeus ya ce jarkokinsu sun taɓa cin gas, za su kashe masa fenti. Akwai rijiyar bayan coci, ya ce ruwanta yana barin tabo in ya bushe. Ruwan da ya dace da ita, wai, shi ne na saman rafi, inda yake fitowa daga gindin dutse garai-garai. Hanyar wurin gangare ce mai santsi, dawowa kuma hawa.

Matarsa Juliet tana buga tafireta a wani ofis. Ita daga wajen Binuwai take, kuma ba ta ɓoye uzurinta ba.

"Anti Rose, da na taya ki, amma mu a kai muke ɗauka, ga shi jiya-jiya na yi gashi. Kuma ruwan sanyi yana karya mini farce, da me zan yi aiki? Ke kin riga kin saba."

Saboda haka tun kafin rana ta fito sai in ga Rosemary ta wuce da babbar jarka, ta dawo a karkace, ta juye, ta koma. Thaddeus yana tsaye da gajeren wando da soso, yana wanki yana fito. Sai motar ta sha ta ƙoshi sannan ita ta ɗauki fartanya ta nufi 'yar gonar da ta rage musu a ƙetaren rafi. Ranar kasuwa kuma ga doya, a kafaɗar da ta gama jidon ruwa.

Ba zan ce ba ya kula ta a hanya ba, kada in yi masa ƙarya. Duk ranar da ya wuce ta da kaya a bakin titi sai ya danna mata ham, ya fito da hannu ya ɗaga mata. Ita ma takan ɗaga masa na hagu. Wata rana na kasa haƙuri na tare shi yana fitowa.

"Oga Thaddeus, hanyarka ta bi ta Gudu. Ka rage mata ko rabin doyar nan mana."

Ya dube ni kamar na ce ya zuba taki a falo.

"Maman Nathan, kin san yadda ƙasar doya take kama kafet? Kuma injin nan ba a yi shi don nauyi ba, don gudu aka yi shi. Ki bari kwangila ta faɗo, za ki ga abin da zan yi wa Yaya."

Ƙarshen shekara ya zo ya wuce. Darakta ya leƙo ta taga kamar yadda aka yi alkawari, har ma ya sauko ya ari motar ya kai wata baƙuwarsa yawo, ya dawo da ita tanki a bushe. Kwangila dai ba mu ji ɗuriyarta ba. Albashi kuwa motar ke lashewa, don man da take sha a mako ya ishi bas ɗin unguwarmu zuwa Suleja da dawowa har ta gaji.

Da damina ta kama, hannun Rosemary ya fara magana. Farko yatsu ne suke mutuwa da safe, sai ta yi ta yarfe su. Daga baya fartanya ta riƙa suɓuce mata a tsakiyar kunya. Wata safiya ta shigo shagona da kallabi a hannu, ta tsaya tana kame-kame, ashe hannun ne ya ƙi ɗaguwa ta ɗaura. Na ɗaura mata, na janye wuyan rigarta na duba. Fatar wurin ta yi baƙi ta tsage, tudun ya kumbura yana sheƙi, da na taɓa sai na ji zafi rau. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Yaya Rosemary, ki ce ba za ki ƙara ba. Mota ce fa, ba jariri ba."

"In bai wanke ba za su yi masa dariya a ofis," ta ce. "Ni na goya shi. Ba na so a yi masa dariya."

Da maraice na samu Kawu Zacharias a gindin mangwaro na gaya masa abin da na gani. Shi ne babba a gidan, magana ɗaya zai yi a daina. Sai dai kowace Lahadi shi ake kaiwa coci a kujera ta biyu, yana fitowa da ƙyar yana riƙe ƙugu, mutane suna kallo.

"'Yata, ke baƙuwa ce, ba ki san matanmu ba," ya ce. "Uwarta ta yi dako har ta tsufa. Kakarta ma haka. Wannan kumburin kowace macen kirki tana da shi. Yanzu ne da boko ya zo kowane ɗan ciwo sai a ce asibiti."

"Uwarta ta yi wa mota dakon ruwa, Kawu?"

Ya ce yana jin kiran sallar Musulmi, lokacin shan maganinsa ya yi, ya tashi.

Shi Thaddeus da aka gaya masa bai yi sakaci ba. Ya sayo mata man zafi da ƙwayoyin ciwon jiki a kemis, ya miƙa mata a gaban mutane, ya ce ta riƙa shafawa tun da dare don hannun ya saki kafin safiya.

A cikin kwanakin nan ne ya gayyato abokan aikinsa mutanen Legas su ci doya da miyar ganye. Suka zagaye motar suna taɓawa, suna ta Turanci. Sai ga Rosemary ta shigo da itace a kafaɗa, ta haɗa gumi. Wata mata a cikinsu ta zaro kyamara tana murna, wai ba ta taɓa ganin irin wannan ɗauka ba. Thaddeus, wanda da can ba ya so a san daga inda ya fito, ya tashi bakinsa har kunne.

"Al'adarmu ke nan. Kan mutum a wurinmu abin girmamawa ne, ba a ɗora masa kaya. Yaya, tsaya nan kusa da motar. A'a, kada ki sauke, da kayan ake so."

Ta tsaya. Fim ya maƙale, aka yi ta gyara, tana tsaye da itacen a kafaɗa. Matar ta tambaya da Turanci ko abin ba ya yi mata ciwo. Ni da ɗan Turancina na ji amsar da ya ba ta, cewa da shi aka haife su, ba sa ji. An wanko hoton ya yi kyau, ya sa shi a gilas ya rataye a falo.

Ba a daɗe ba ruwa ya kwashe duwatsun da aka cike rami da su. Wata safiya Thaddeus ya fito da sauri, muka ji ƙara ƙwas, motar ta zauna a kan wani dutse, baƙin mai ya malale hanya. Aka tura ta gida. Makanikai suka yi ta zuwa, kowa ya leƙa ya kaɗa kai. Wani daga Dei-Dei da ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci ya ce shi bai taɓa ganin ciki irin wannan ba, abin da ya fashe sai an aiko da shi daga ƙasar da aka ƙera ta. Aka ɗora ta a kan bulo, aka kafa mata rumfar kwano, abin da ɗakin Rosemary mai yoyo ya daɗe yana jira.

Na ce a raina to, Allah ya kawo wa baiwarsa hutu. Ashe ban san Thaddeus ba. Washegari da sassafe sai ga Rosemary da jarka.

"Motan da ba ya tafiya ma sai an wanke?" Ita da kanta ta tambaye shi, ina ji.

"Yanzu ne ma ta fi buƙata, Yaya. In datti ya zauna a kan fenti ya ci shi, shi ke nan darajarta ta faɗi. Dukiyarmu ce gaba ɗaya a nan. Ke ma ai ba za ki so gadon Baba ya lalace ba."

Haka ya koma bin bas zuwa ofis, yana sauka nesa da sakatariya ya ƙarasa a ƙafa da makullin mota a hannu yana kaɗawa. A ofis an san motar tana wurin sabis. A gida kuwa kullum tana sheƙi a kan bulo, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Gonar Rosemary ciyawa ta cinye ta, don hannu ɗaya ba ya noma. 'Yar doyar da ta samu ta tsiro a rumbu, wata ta ruɓe, babu mai kai ta kasuwa. Juliet ta fara ƙorafi a tsakar gida da murya yadda za a ji, cewa komai yanzu sai an saya, baki ya yi yawa hannu ya yi kaɗan. Na ce wa Thaddeus ya sayar da jar ko a nawa ne ya nemi wata a-kori-kurar, ko tsohuwa. Ya ce in ya sayar yanzu za a ce ya karye, kuma mutum a Abuja da zarar an ce ya karye ya gama yawo.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Masu lodin yashi a rafi ne suka gan ta. Ta taho da jarka a hawan nan, ƙafa ta zame, ta faɗi a kan kafaɗar, jarkar ta bi ta ta danne. Suka ɗauko ta a gaban tifarsu, hannun yana lilo. Thaddeus ya fito da soso a hannu yana jiran ruwa, ya tarar da ita haka. Ya rikice, ban hana masa wannan ba, har hawaye na gani. A tifar yashin aka kai ta asibiti, ni da shi muna maƙale a gefenta.

Likitan wata mata ce mai ƙaramar murya. Bayan an ɗauki hoton ƙashi ta kira mu ta nuna mana.

"Faɗuwar ba ita ce babbar matsalar ba," ta ce. "Gaɓar ta riga ta cinye, jijiyar da ke saukowa hannu ta daɗe a danne. Da an kawo ta tun lokacin da yatsu suka fara mutuwa, da an ceci wani abu. Yanzu hannun nan ba zai koma aiki ba. Kuma kada a sake ɗora wa kafaɗar nan komai, ko bokitin wanka."

Thaddeus ya ƙura wa hoton ido. Na ɗauka nadama ce ta kama shi. Can ya ɗago.

"Likita, ta daman ke nan?"

"Ta daman," ta ce, tana rubutu, ba ta ɗago ba.

Aka dawo gida da hannu a rataye. 'Yan coci suka zo dubiya, Kawu Zacharias ya yi doguwar addu'a ya ce jarrabawa ce, kuma santsi ba ya gaya wa kowa ranar zuwansa. Juliet ta dafa mata farfesu ranar farko. Thaddeus ya shaida wa duk wanda ya shigo cewa ya hana Yaya aiki, ta huta, ai ta yi musu iya yi. An kuwa bar ta ta huta, har ƙura ta rufe motar, yaran unguwa suka fara zane a jikin gilas da yatsa.

Sai ga saƙo cewa wani mai sha'awar irin motar zai zo ya gani, ba a san ranar ba. Da yamma Thaddeus ya dawo da sabuwar jarka, ƙarama, ruwan ɗorawa, ya ajiye a ƙofar ɗakinta.

"Yaya, na sayo miki mara nauyi. Waccan babbar ita ta ja mana. Ba na so ki wahala, a hankali za ki riƙa yi, ko sawu nawa ne ba gaggawa."

Na bar keke na tsallaka titi, ban ko sa takalmi ba.

"Oga Thaddeus, ba tare muka ji abin da likita ta ce ba?"

"Tare muka ji, Maman Nathan. Har tambayarta na yi a gabanki. Ta dama ta ce. Ba ta ce komai a kan ta hagu ba."

Na gaya masa abin da ke bakina, wanda ba zan maimaita a nan ba. Ya saurare ni har na gama, don mutum ne mai ladabi, sannan ya ce ya gode da kulawa, amma maganar gida ce.

Mutane suna tambayata ko Thaddeus mugu ne. Ni ban taɓa jin ya ɗaga wa yayarsa murya ba. Bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba, kuma da wani zai zage ta a titi da sai an raba su. Kawu Zacharias dattijon coci ne. Juliet tana cikin mawaƙan coci. Kowannensu yana da dalili, kuma in ka zauna da shi zai jera maka har ka gyaɗa kai. Abin da na lura kawai shi ne duk dalilan nan masu kyau, idan an gama jera su, wuri ɗaya suke sauka, a jikin mace guda da ba ta da miji, ba ta da ɗa, ba ta da inda za ta. An raba mutanen nan da gonakinsu don a gina birni, wannan kowa ya sani, ana ma faɗa a taro. Wanda ba a faɗa shi ne yadda ake shiga gida a rufe ƙofa, a sake raba mai rauni da ɗan abin da ya rage mata, a kira shi haƙuri, a kira shi al'ada.

Da safe na ga ta wuce da ƙaramar jarkar a hannun hagu. Shiru-shiru ba ta dawo ba, har rana ta ɗaga. Can sai ga ta a ƙofar shagona hannu wofi.

"Maman Nathan, na cika, amma ba kowa a rafi. Hannu ɗaya ba ya ɗorawa. Zo ki taimake ni."

Na bi ta muka gangara. Jarkar tana bakin dutse a cike. Na naɗe ɗankwalina na yi gammo, na ce ta wuce gaba ni zan kai. Ta riƙe mini hannu.

"A'a. Ɗora mini."

"Yaya Rosemary, don girman Allah."

"Ban iya noma, ban iya daka, wanki ma ban iya. In wani ya kai ruwan nan, ni me nake yi a gidan? Kin ji abin da Juliet yake faɗa." Ta juyo mini da kafaɗar hagu, ta ɗan rusuna. "Ɗora."

Na ɗora mata. Kafaɗar ba ta san kaya ba, jarkar ta yi ta zamewa, ruwa yana zuba mata a wuya. Muka hau a hankali, ina bayanta da hannuwa a buɗe ko za ta faɗo. Ta tsaya ta huta a hanya ba sau ɗaya ba, ba ta sauke ba, don ta san in ta sauke sai an sake ɗorawa.

Thaddeus yana ƙarƙashin rumfa da gajeren wando da soso. Ya taho da sauri ya karɓe ta da hannu biyu, ya yi mata sannu har sau biyu. Ya buɗe murfin ya leƙa, ya ga abin da ya rage, ya gyaɗa kai.

"Ba laifi, Yaya, don yau ne farko," ya ce. "Kafin mako ta hagun za ta saba."

Ya juye a bokiti, ya miƙa mata jarkar.